Wai me ya hana Clarke harbin Bellamy a ƙafa?

Malam Edita, assalamu alaikum. Bayan gaisuwa da fatan alheri gare ka da sauran ma'aikata, don Allah ka ba ni ɗan fili a wannan jarida tamu mai farin jini in amayar da abin da ya tsaya min a wuya game da fim ɗin nan mai dogon zango na Amurka, The 100. Na san wani zai ce duk halin da ake ciki, ga tsadar rayuwa ga rashin wuta, wannan bawan Allah fim ne damuwarsa? To ai wanda ya ƙona datarsa, ko ya biya kuɗin turi a shagon masu tura fim a waya, ya hana idonsa barci har sizin bakwai, kashi ɗari cif, ina ganin yana da bakin magana. Kuma har yanzu matasanmu na kallon sa, ka je wajen mai turi ka ce ya saka maka sizin mai zafi ka ji ko ba zai ambace shi ba. Wanda bai gama kallo ba ya tsallake wannan shafi tun yanzu, don fasa ƙwai zan yi.

Ga wanda bai san fim ɗin ba, tashar CW ce ta fara haska shi a 2014 aka rufe a 2020, Jason Rothenberg ne ya jagoranci tsara shi. Labarin dai wai an yi yaƙin nukiliya duniya ta ƙone, waɗanda suka tsira su ne mutanen da ke tashoshin sararin samaniya guda 12, suka haɗe tashoshin suka zama abu ɗaya da suke kira Ark. Bayan shekara 97 iskar shaƙa ta fara ƙare musu, sai shugabanni suka kwaso yara masu laifi su 100 daga kurkuku suka cusa su a kumbo suka jefo su ƙasa a gani ko duniya ta zaunu. Clarke da Bellamy su ne suka zama jagororin yaran a ƙasa. Can sama kowane laifi hukuncinsa kisa ne in ka kai 18, a buɗe ƙofa a wurga ka sarari, haihuwar ɗa na biyu ma laifi ne. Wallahi tushen labarin ya yi, ba ƙarya, shi ya sa ma abin ya fi ciwo.

Akwai ramukan da na yafe tun daga farko, don fim ɗin kimiyya in ka ce sai komai ya zauna daidai ba za ka kalli ko ɗaya ba. An soki Jasper, ɗaya daga cikin yaran, da mashi a ƙirji a kashi na farko, aka ja shi cikin daji aka ɗaure a bishiya, yaro ya tashi garau, na ce to. Jaha, shugaban Ark, ya shiga cikin makami mai linzami ya harbo kansa daga sama ya faɗo cikin hamada, ya miƙe ya karkaɗe riga, na ce Allah mai iko. An nuna mana barewa mai fuska biyu, da wani ƙaton abu kamar maciji da ya cafki Octavia, ƙanwar Bellamy, a kogi, da goggon biri mai cin mutane a sizin na biyu, daga nan duk suka ɓace kamar an yi musu gwanjo, ban ce komai ba. Amma ace mutanen da suka iya raya tashar sararin samaniya kusan shekara ɗari ba su taɓa leƙawa ta taga sun hango wuta ko hayaƙi a ƙasa ba, alhali akwai ƙabilu 12 da garuruwa da yaƙe-yaƙe, har da dogon bene a birnin Polis da wuta ke ci a ƙololuwarsa? Kuma da za a turo yaran, babu likita, babu babba ko ɗaya, babu abinci, sai wani awarwaro a hannu mai nuna bugun zuciya wanda yaro zai iya ɓalle shi da ƙarfe, kuma suka ɓalle ɗin. A kan wannan awarwaron aka yanke cewa yaran mutuwa suke yi, aka kashe mutum 320 don a rage masu shaƙar iska. Daga baya ma sai ga Jaha yana cewa kumbunan da ke akwai mutum 700 kawai za su ɗauka cikin sama da 2,000. To shekara 97 me ake yi?

Sai maganar mutanen ƙasa, wato waɗanda ashe suka tsira a doron ƙasa, su Lexa shugabarsu da Indra da Lincoln. Shekara 97 fa aka ce, ba dubu ba. Waɗannan jikokin Amurkawa ne da suka rayu a kewayen Washington, kakanninsu sun yi makaranta, sun tuƙa mota, sun riƙe waya. Amma cikin wannan ɗan lokaci sun manta bindiga, sun manta magani, sun koma takobi da mashi da fenti a fuska, sun yi sabon addini, har da sabon yare sukutum da ake kira Trigedasleng, wanda David Peterson ya ƙirƙira wa fim ɗin. Malam Edita kai ɗan jarida ne, Gaskiya Ta Fi Kwabo a 1939 ta fara fita, yau in aka ɗauko tsohon bugunta aka ba ɗan sakandare zai karanta ya gane, iyaka ya yi dariyar wasu kalmomi. A unguwarmu akwai tsofaffin da za su ba ka labarin zamanin En'e da bakinsu. Ta yaya al'umma guda za ta manta da cewa kakanta ya taɓa kunna fitilar lantarki? Da suka ga mutane sun dame su da wannan tambaya sai a sizin na bakwai, shekara shida da fara fim, suka kawo wani kashi suka ce wai wata yarinya ce, Callie 'yar Cadogan, shugaban wata ƙungiyar addini, ta ƙirƙiri yaren tun tana ƙarama tana wasa, shi ne mutane suka ɗauka. Wato ana cikin yunwa da gubar nukiliya, mutane suka ajiye yaren da kowa ke ji suka zauna koyon yaren wasan yara. Haba.

Kuma abin da ya fi wannan, shugabansu da suke kira Heda yana ɗauke da wata 'yar na'ura a bayan wuya, a cikinta akwai tunanin duk shugabannin da suka gabata har da Becca, masaniyar kimiyyar da ta ƙera na'urar, wadda ita ce ma ta ƙera ƙirƙirarriyar basirar nan ALIE da ta harba bama-baman da suka ƙona duniya. Wato kowane Heda yana yawo da ƙwaƙwalwar mace mafi ilimi a zamaninta, amma ko rijiyar burtsatse ba su haƙa ba. Na'urar kuma ba ta zama sai a jikin mai baƙin jini, masu baƙin jinin nan tsiraru ne ƙwarai ana bin ƙauyuka ana neman su, amma al'adar zaɓen sabon shugaba ita ce a tara yaran su kashe juna sai ɗaya ya rage. Becca tana cikin kan shugaba tana kallo, ba ta taɓa cewa kai jama'a wannan asara ce ba.

Duk wannan zan iya haɗiyewa, ba a nan gizo ke saƙar ba. Ni abin da ba na yafewa shi ne a ɗauki mutumin da aka shekara ana gina min halinsa, na san abin da zai iya da wanda ba zai iya ba, dare ɗaya a juya shi don kawai marubuci yana son labari ya karkata wani wajen. Ko a tatsuniyar da kaka ke yi mana a tsakar gida, Gizo zai iya hawa sama ya yi magana da aljanu ba mai tambaya, amma ranar da ta ce an ba Gizo ajiyar nama ya dawo da shi cif ba tare da dalili ba, yara za su ce kaka ba haka ba ne. Kuma masu The 100 sun iya abin nan in sun ga dama. Dubi ƙarshen sizin na biyu a Mount Weather, wata maɓoya a cikin dutse da mazaunanta ba sa iya jure iskar waje, an kama abokan Clarke ana huda musu ƙashi ana zuƙe ɓargo, Lexa ta yi yarjejeniya ta janye mayaƙanta ta bar Clarke a bakin ƙofa, uwar Clarke na kan tebur ana huda ta, sannan Clarke da Bellamy suka ɗora hannu tare suka ja ƙarfen da ya shigo da iskar waje ta kashe sama da mutum 300 har da yara da waɗanda suka taimake su irin su Maya. Abin ya yi muni amma ka ga duk matakalar da aka taka aka iso nan. Dubi Murphy, shi ma ɗaya daga cikin yaran, daga ɗan iskan da kowa ke so a rataye zuwa mutumin da kake tsoron kar ya mutu, a hankali aka yi shi, bai taɓa zama waliyyi ba kuma bai daina son kansa ba.

Yanzu ɗauki Bellamy. Wannan yaro tun yana ƙarami aka damƙa masa ƙanwarsa Octavia da aka ɓoye a ƙarƙashin daɓen ɗaki shekara 16, saboda ita ya harbi Jaha ya samu shiga kumbo. A sizin na biyu shi ya shiga Mount Weather a ɓoye tare da taimakon Lincoln, aka kulle shi a keji kusa da mutanen ƙasa, aka rataye shi ta ƙafa ana tatsar jininsa kamar yadda ake musu, ya ga wahalarsu da idonsa. Ƙanwarsa ma a cikinsu take rayuwa. Sai ga sizin na uku, aka fito mana da wata budurwa Gina da ba mu taɓa gani ba aka ce tasa ce, duka-duka fitowarta ba ta kai a kirga ba, a kashi na uku aka kashe ta. Shi ke nan wai zuciyar Bellamy ta ƙeƙashe, ya bi Pike, sabon shugaban mutanen Ark, suka fita da dare da bindigogi suka karkashe mayaƙa kusan 300 suna barci, mayaƙan da Lexa ta turo don su KARE su, kuma ba ma ƙabilar da ta kashe Gina ba ce, ita 'yan ƙabilar Azgeda ne suka kashe ta, waɗannan kuwa mutanen Indra ne. Kisan ma ba a nuna mana ba, sai gawarwaki muka gani a fili da safe. Pike na fahimce shi, tun da ya sauko ƙasa a yankin ƙanƙara ya faɗo ana yanka masa mutane, bai taɓa ganin alherin mutanen ƙasa ba. Amma Bellamy? An ƙirƙiri yarinya an kashe ta don kawai a samu abin da za a nuna in an tambaya.

Kuma ka san wa ya yaudare shi ya bar Mount Weather ranar da aka kashe Gina? Echo, 'yar leƙen asirin Azgeda. Ita dai Echo ɗin ce a sizin na huɗu ta soka wa Octavia takobi a ciki ta faɗo daga kan dutse mai tsawo zuwa cikin kogi, wanda shi ma wani abin dariya ne don yarinya ta fito ta hau dokinta ta koma gida. To sai aka tsallake shekara shida, aka buɗe sizin na biyar, ga Bellamy da Echo ana soyayya. Ban ce ba zai yiwu ba, shekara shida a kulle wuri ɗaya mutum bakwai komai na iya faruwa, amma a nuna min mana! Mutumin da ya kashe 300 saboda Gina yanzu yana tare da wadda ta sa hannu a mutuwar Gina, kuma ta kusa kashe ƙanwar da ya sadaukar da rayuwarsa dominta, duk abin da ya faru a tsakani an bar shi a bayan kyamara.

Sizin na bakwai kuwa nan aka yi tufka da warwara. An ce ɗan wasan, Bob Morley, ya nemi hutu, shi ya sa kusan rabin sizin ba a gan shi ba, wannan ba laifin kowa ba ne. Amma da ya dawo sai aka ba shi kashi ɗaya tak, ya maƙale a wata duniya Etherea tare da wani almajirin Cadogan, suka hau dutse cikin ƙanƙara, ya ga wani haske a kogo, ya ga mahaifiyarsa a wahayi, ya sauko ya zama cikakken mabiyi har da farar riga. Abu na farko da ya yi shi ne tona asirin abokansa a gaban Cadogan, ya tsaya yana kallo ana shirin tatsar musu tunani da na'ura. Minti arba'in aka ba mu mu yarda cewa wanda duk rayuwarsa ƙanwata ƙanwata ce ya daina fifita kowa.

Sannan aka zo kashi na 13. Madi, yarinyar da Clarke ta raina kamar 'yarta, tana da wani littafin zane da ke nuna cewa akwai sauran tunanin tsofaffin shugabanni a kanta, abin da Cadogan ke nema ido rufe. Littafin ya shiga hannun Bellamy, zai miƙa. Clarke ta ɗaga bindiga tana kuka tana roƙonsa, ya ƙi, ta harbe shi a ƙirji. Malam Edita wannan fa ita ce Clarke ɗin da ta yi kwana 2,199 tana kiran Bellamy a oba-oba kullum ba tare da ta san ko yana ji ba. Tana da bindiga a hannu, tazarar ba ta fi taku kaɗan ba, ga ƙafa, ga kafaɗa, ga hannun da ke riƙe da littafin. Ta zaɓi zuciya. To mun ji, uwa ce, hankalinta ya gushe. Sai me? Sai harsashi ya ƙare, ta juya ta faɗa cikin ƙofar da ke kai mutum wata duniyar, ta bar littafin a nan! Abin da ta kashe amininta dominsa ta tafi ta bar wa maƙiya. Ni da na ga wannan sai da na mayar da fim ɗin baya don na ɗauka mai turi ne ya yanke min wani wuri.

Ba a gama ba. A kashi na gaba ta faɗa wa Octavia da Echo abin da ta yi, ina jira in ga ƙasa ta tsage, don Echo ɗin nan a cikin wannan sizin ɗin dai ta kusa hallaka duk mutanen Bardo, duniyar da mabiyan Cadogan ke zaune, da guba lokacin da ta ɗauka Bellamy ya mutu, Octavia kuwa mun san abin da ta zama bayan Pike ya kashe masoyinta Lincoln. Sai kawai suka rungume ta, wai sun fahimta, wai ai dama Bellamy ɗin da suka sani ya riga ya tafi. Ko zaman makoki na minti biyar ba a yi masa ba. Madi kuma da ƙafarta ta miƙa kanta ga Cadogan, aka tatsi ƙwaƙwalwarta har jikinta ya shanye gaba ɗaya. Wato mutuwar ba ta kare kowa ba, ba ta canza kowa ba, ba ta jinkirta komai ba.

Ƙarshen kuma sai ya zama Bellamy ne mai gaskiya. Wasu halittu masu haske ne ke yi wa kowace al'umma jarrabawa, in kun ci ku narke ku zama haske tare da su, in kun faɗi a shafe ku, kamar yadda suka mayar da asalin mutanen Bardo duwatsun ƙarau. Su da ke shafe al'umma sukutum su ne alƙalan da ke tuhumar ɗan Adam da son zubar da jini, Clarke ma ta faɗa musu haka a fuska, fim ɗin bai ba da amsa ba ya wuce. Clarke ta faɗi jarrabawa don ta bindige Cadogan ana tsaka da ita, ƙawarta Raven ta je ta roƙa a sake dubawa, Octavia ta yi jawabi ɗaya a filin daga mayaƙa suka zubar da makamai, shi ke nan an ci. Jawabi ɗaya, bayan sizin bakwai ana yin sulhu da safe a warware da yamma. Kuma wai matattu ba sa shiga hasken, shi ya sa Bellamy da ya yi imani da abin bai samu ba, amma Emori, budurwar Murphy, da ta mutu a gaban idonmu ta samu saboda an zare tunaninta an saka a kan Murphy, har aka dawo mata da jikinta sabo fil. Waɗanda suka zaɓi dawowa duniya su zauna da Clarke an ce ba za su haihu ba. To duk kashe-kashen da aka yi, 320 na sama, na Mount Weather, mutum 1,200 da aka zaɓa aka rufe a maɓoyar ƙarƙashin ƙasa aka bar saura a waje, cin naman mutane da aka yi a cikinta, Monty da Harper da suka ƙarar da rayuwarsu su kaɗai a kumbo sauran na barcin shekara 125 don a samo sabuwar duniya, duk an yi ne da sunan kar ɗan Adam ya ƙare, sai aka rufe da ɗan Adam ya ƙare ana murmushi a bakin ruwa ana gasa kifi. Duniyar ma da Monty ya ce ba za ta farfaɗo ba, ga ta nan kore shar.

Ina roƙon ka Malam Edita, shafin nishaɗi ya riƙa ba da dama ana irin wannan sharhi, na waje da namu na gida, don masu shirya mana finafinai masu dogon zango su ma sun fara wannan ɗabi'a ta kashe jarumi ko aika shi tafiya da zarar an samu saɓani da ɗan wasa, labarin da ya kamata ya ƙare a zango na uku a ja shi har na goma. Kuma in akwai mai karatu da ya kalli The 100 yake da hujjar da ta sa Clarke ba ta ɗauki littafin nan ba, ko ta harbi ƙafa, don Allah ya rubuto ta wannan shafi, ina nan ina jira. Amma kar ya ce min harsashi ne ya ƙare, wanda ya rubuta fim ɗin shi ya ƙirga harsasan.

Na gode da ba ni fili.

Naka mai karatu,
daga Tudun Wada, Zariya.